Daren da na bi masu farautar fatalwa zuwa Hasumiyar Clifford a birnin York

Na bar Katsina da asubar wata Litinin a farkon watan Maris na 2023, a lokacin da ƙarancin takardun naira ya kai mutum na da kuɗi a banki amma ya rasa abin biyan mota, don haka sai da na yi yini biyu ina zagayen masu POS kafin na haɗa abin da zai kai ni Kano. Mun bi ta Charanci da Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya, muka wuce Tsanyawa da Bichi, kuma a duk shingen da aka tsayar da mu babu abin da ya faru sai irin gaisuwar da aka saba yi tsakanin direba da masu shinge. A Kano na biya Wapa na canza ɗan guzurina, fam ɗaya a kan wajen naira 900, wanda ya sa tun daga ranar duk abin da na saya a Ingila sai na lissafa shi da naira a zuci, ciwon da bai sake ni ba har na dawo.

Ƙanina ne na je gani, wanda ke karatun digiri na biyu a birnin Leeds. Tun kafin na tashi ya yi mini kashedi cewa kada na kuskura na sako kilishi a jaka, domin dokar ƙasar ta hana shiga da nama, sai na haƙura na cika jakar da kuka da daddawa da yaji. Jirginmu ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, muka ya da zango a Doha, washegari muka sauka a Manchester, inda jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin da zan sauka da ranar komawata, ya duba tikitin dawowa, ya buga hatimi. Kwana huɗun farko a Leeds ban yi komai ba sai zaman ɗaki kusa da na'urar ɗumama ɗaki ina kallon dusar ƙanƙara tana sauka ta taga.

Ranar Juma'a bayan mun dawo daga masallaci ƙanin nawa ya ce, "Yaya, gobe akwai wani abokin aikina da zai tafi York shi da mutanensa neman fatalwa, ya ce in kana so ka biyo mu." Na ɗauka wasa yake yi, sai da ya nuna mini shafinsu na Facebook na yarda. Mutane ne masu sana'o'insu, babu malami ko boka a cikinsu, suna haɗa kuɗi su sayi na'urori, duk bayan 'yan makonni su zaɓi wani tsohon gini da ake raɗe-raɗin ana ganin abu a cikinsa, su je su kwana suna jira. Na ce masa mu a Katsina abin da ake gudu da a'uziyya shi ne su suke biyan kuɗin jirgi su je nema, wannan ai tsokano tsuliyar dodo ne da gangan. Duk da haka ban iya cewa a'a ba, domin ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma na san sunan hasumiyar da za su je tun daga littattafai, saboda wani dalili na daban da ba shi da alaƙa da fatalwa.

Daga Leeds zuwa York tafiyar kusan minti 25 ce a jirgin ƙasa, kuma mun biya fam 15 da 'yan kai kowannenmu zuwa da dawowa. Abin da ya fara tarbar mu da fitowa daga tasha shi ne ganuwar birnin, wadda har yau take tsaye da ƙofofinta, mutane na tafiya a kanta suna ɗaukar hoto. Nan take zuciyata ta koma ga ganuwar Katsina, wadda ɗiban ƙasa da gine-gine suka cinye mafi yawanta, sai sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga suka rage suna tuna wa mutane cewa an taɓa kewaye garin. Gaskiya ne tasu ta dutse ce tamu ta ƙasa, amma ba dutsen kaɗai ya tsare ta ba. Rumawa ne suka kafa York a shekara ta 71 suka kira shi Eboracum, mayaƙan Viking na arewacin Turai suka ƙwace shi a 866 suka mayar da sunan Jorvik, kuma kowane zamani ya bar wani abu da masu garin suka mayar hanyar samun kuɗi a yau.

Mun kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a wajen ganuwa a kan fam 68 kwana ɗaya, ɗakin da in mutum ya shimfiɗa darduma dole ɗan'uwansa ya hau gado ya ba shi wuri. Abincin rana kifi ne da soyayyen dankalin Turawa, fam 12 kowane faranti, bayan ƙanina ya tabbatar da mai shagon cewa da man ganye ake suyar, ba da kitsen dabba ba. Kifin ya yi daɗi, amma babu gishiri babu yaji, sai da na zaro ƙullin yajina daga aljihu kafin ya zama abinci.

Na nace sai mun shiga hasumiyar da rana, tun kafin a zo maganar dare, domin ana rufe ta da yamma. Tana zaune a kan wani tudu mai tsini da hannun mutum ya tara, tsakanin kogin Ouse da kogin Foss, kuma matakala 55 ake hawa kafin a kai ƙofarta. Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya sa aka tara tudun a 1068 aka ɗora masa hasumiyar katako don ya tsorata mutanen arewa da suka ƙi miƙa wuya. Ginin dutsen da ke tsaye yanzu Sarki Henry na 3 ne ya ba da umarnin fara shi a 1245, kuma siffarsa daga sama kamar an haɗa da'ira huɗu ce wuri ɗaya. Kaurin bangon ya fi tsawon mutum, amma duk da haka akwai wata tsaga da ta keto shi daga sama, saboda tudun ya daɗe yana nitsewa a ƙarƙashin nauyin dutse. Mun biya kusan fam 9 kowannenmu. An sake buɗe wurin a 2022 bayan gyara, aka yi masa rumfar katako a sama da wasu gadoji a ciki, ta yadda mutum zai iya shiga ƙaramin ɗakin ibadar da ke saman ƙofa, har ma ya leƙa makewayin da aka gina wa sarki. Daga kan rumfar ana hangen babbar majami'ar York Minster da rufin garin baki ɗaya.

Ina tsaye a can sama na tuna hasumiyar Gobarau, wadda muke hawa muna yara, wadda masana ke danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ita ma an yi amfani da ita wajen hangen maƙiya daga nesa, bayan kiran salla da aka gina ta dominsa. Ban taɓa jin wani dattijo ya ce akwai mamaci da ke yawo a Gobarau ba. Abin da iyayenmu ke tsoratar da mu da shi daban ne: gindin tsamiya da tsakar rana, juji da kufai, tsohuwar rijiya, da fita da magariba. Kuma a duk waɗannan wurare ba matattu ake tsoro ba, mutanen ɓoye ake tsoro.

Dalilin da ya sa na san sunan wannan wuri shi ne abin da ya faru a kan tudun ranar 16 ga Maris, 1190. A lokacin Sarki Richard na 1 bai daɗe da hawa gadon sarauta ba, yana shirin fita yaƙin 'yan Salibiyya, wato yaƙin da Kiristocin Turai suka yi don ƙwace Ƙudus daga hannun Musulmi, kuma wutar ƙin Yahudawa da ta tashi a Landan ranar naɗinsa ta bazu zuwa wasu garuruwa. Coci ya hana Kiristoci ba da bashi da ruwa, don haka Yahudawa ne ke wannan sana'a a ƙarƙashin kariyar sarki, kuma manyan masu filaye da dama na yankin York bashi ya yi musu katutu, ciki har da wani mai suna Richard Malebisse. Da aka kai hari gidan ɗaya daga cikin attajiran Yahudawan aka kashe iyalinsa, sai sauran, kimanin mutum 150 maza da mata da yara, suka gudu cikin hasumiyar katakon neman mafaka. Gungun mutane suka kewaye su kwanaki. Da suka ga babu mafita, malaminsu Yom Tov ya ba su shawarar su mutu da hannunsu maimakon su faɗa hannun masu jiransu a ƙasa, magidanta suka kashe iyalansu, aka cinna wa ginin wuta. 'Yan kaɗan da suka ƙi bin wannan shawara suka fito da safe bisa alkawarin za a bar su da rai in sun karɓi Kiristanci, aka kashe su a bakin ƙofa. Daga nan jagororin suka wuce kai tsaye York Minster, inda ake ajiye takardun bashi, suka ƙone su. An ci tarar mutanen gari daga baya, amma ba a kashe kowa a kan laifin ba. Akwai allon tunawa a gindin tudun da aka kafa a 1978, kuma furannin ruwan ɗorawa masu kunnuwa shida da aka shuka a jikin tudun don tunawa da su sun fara buɗewa a ranar da muka je, saura kwana biyar ranar ta zagayo.

Abokin aikin ƙanina, saurayi mai yawan magana, ya same mu a ciki, ya nuna mana wani jan tabo a jikin duwatsun bangon, ya ce mutanen gari na cewa jinin waɗanda suka mutu ne ke tsattsafowa. Na ce masa hakan na da wuya, tunda sai bayan shekara 55 da kisan aka fara aza waɗannan duwatsu, kuma an san cewa a ranar 23 ga Afrilu, 1684, wuta ta kama ma'ajiyar albarushin da ke cikin hasumiyar ta tarwatsa rufinta da benayenta, zafin wutar ne ya mayar da farin dutsen ja. Ya yi dariya ya ce ya san da haka, amma labarin jinin ya fi daɗin faɗa.

Mun yi sallar magariba da isha'i a masallacin da ke titin Bull Lane, sannan muka dawo cikin gari. Da duhu ya shiga na gane cewa fatalwa a York sana'a ce sosai. A kowace kusurwa akwai mutum sanye da baƙar alkyabba da doguwar hula, riƙe da fitila, ayarin 'yan yawon buɗe ido na biye da shi, kowa ya biya wajen fam 10 don a zagaya da shi lungu-lungu ana ba shi labaran tsoro. Mun ratsa ta Shambles, tsohon layin mahauta mai ƙunci wanda benayensa suka sunkuyo har kamar za su haɗa goshi, muka biya ta bayan majami'ar inda saurayin ya nuna mana gidan da ake kira Treasurer's House. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan ne wani matashi mai koyon aikin famfo, Harry Martindale, ya ce ya ga sojojin Rumawa sun fito daga bango a 1953, ana ganinsu daga gwiwa zuwa sama kawai, aka kuma danganta hakan da tsohuwar hanyar Rumawa da ke kwance a ƙarƙashin daɓen ɗakin. Labari ne mai kyan tsari, amma shaidar mutum ɗaya ce, kuma ni da na saba yi wa ɗalibai tambayar "wa ya faɗa, wa ya gani" ban iya ba shi fiye da matsayinsa ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare muka haɗu da sauran a gindin tudun, kusa da filin ajiye motoci. Mu tara ne har da mu biyu. Shugabarsu dattijuwa ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta zo da babban fulas na shayi da kofunan roba, akwai direban bas, akwai mata biyu 'yan'uwan juna, sai wasu samari. Suka shimfiɗa kayansu a kan bargo: wata na'ura kamar rimot mai fitilu biyar daga kore zuwa ja wadda ke auna ƙarfin maganaɗisun lantarki, ƙaramar rikoda, ma'aunin zafi da sanyi, wani akwati da ke tsalle daga tashar rediyo zuwa wata cikin sauri yana fitar da ƙara kamar ana yayyafi a kan kwano, da wasu ƙananan ƙwallaye da ke kawo haske in an taɓa su, waɗanda dattijuwar ta amsa da bakinta cewa kayan wasan kyanwa ne aka saya a kanti. Sanyin daren kuwa ba ya faɗuwa. Riguna huɗu na saka, amma ji nake kamar a tsirara nake tsaye, kuma hunturun Katsina da muke kuka da shi a watan Janairu ya zama abin kewa.

Aka ce kowa ya yi shiru, aka kunna rikoda, dattijuwar ta fara kira da murya a sanyaye. Ta kira Roger de Clifford, wanda aka rataye a 1322 bayan ya yi wa Sarki Edward na 2 tawaye, wanda wasu ke cewa daga gare shi hasumiyar ta samo suna, wasu kuma suna cewa daga danginsa ne da suka riƙe ta daga baya. Ta kira Robert Aske, jagoran boren mutanen arewa, wanda Sarki Henry na 8 ya sa aka rataye da sarƙa a nan a 1537. Takan ce in akwai wanda ke tare da mu ya matso kusa da fitilar, sannan ta dakata kamar minti ɗaya ana sauraro. Ba zan ɓoye ba, duk ilimin tarihin da nake taƙama da shi bai hana tsigar jikina tashi ba, domin kiran abin da ba a gani a tsakar dare a gindin kango ya saɓa wa duk tarbiyyar da aka yi mini, kuma bakina bai daina motsi a hankali ba tun da aka fara.

Can sai fitilun na'urar suka haura har zuwa ja. Ɗaya daga cikin matan ta riƙe hannun 'yar'uwarta, saurayin ya fara raɗa yana cewa a sake tambaya, a sake tambaya. Aka sake, fitilu suka sake tashi. Direban bas ɗin ne ya dubi inda nake tsaye ya tambaya ko kowa ya kashe wayarsa. Na laluba aljihu na tarar da saƙonni biyu daga uwargidana a WhatsApp, tana tambayar ko na ci abinci. Na'urar ba ta bambanta fatalwa da saƙon waya ko wayar lantarkin da ke binne a ƙasa, duk abin da ya motsa maganaɗisu kusa da ita sai ta amsa. Na ba su haƙuri cike da kunya, amma abin da ya burge ni shi ne ba su yi ƙoƙarin riƙe abin a matsayin hujja ba, dattijuwar ta faɗa wa rikoda lokacin da abin ya faru da sanadinsa, domin kada wani ya ruɗe in an zo sauraro.

Akwatin rediyon ya fi komai ba ni abin tunani. A cikin ƙarar da yake yi wani gutsuren murya kan faɗo daga wata tasha, sai kowa ya faɗi abin da ya ji. Sau ɗaya matan suka ce sun ji kalmar Ingilishi mai nufin sanyi, saurayin ya ce suna ya ji, ni kuwa wallahi "zo" na ji da Hausa tsantsa, ƙanina ma haka. Sauti ɗaya ne ya shiga kunnuwa tara, kowane kunne ya juya shi zuwa harshen da ya tashi da shi.

Tsoro na gaskiya ya zo ne wajen ƙarfe ɗaya saura, lokacin da wani abu fari-fari ya motsa a jikin tudun sama da kawunanmu, ya yi wani huci mai tsawo. Ban san lokacin da na ja da baya na taka fulas ɗin shayi ba. Aka haska tocila, sai ga dinya uku a kwance cikin ciyawa, ɗaya ta miƙe wuya tana yi mana faɗan tashinta daga barci. Ashe dinyoyin kogin sun saba kiwo a kan tudun, kowa a garin ya san da su sai mu baƙi.

Da aka zauna shan ragowar shayin, direban ya tambaye ni ko a ƙasarmu ana yin irin wannan. Na bayyana masa cewa a aƙidarmu wanda ya mutu ya tafi barzahu, ba ya dawowa ya yi yawo a inda ya mutu, ko da yake kalmar fatalwa na nan a bakin mutane da tatsuniyoyi. Aljanu kuwa halitta ce mai zaman kanta, Alƙur'ani ya ambace su, akwai na kirki akwai miyagu, kuma mai hankali ba ya zuwa neman su, in ban da 'yan bori da ke kiran iskoki da garaya, waɗanda malamai suka daɗe suna yaƙi da al'adarsu. Ya ce shi kam shekararsa shida yana bin wannan ƙungiya bai taɓa ganin komai ba, kuma bai yi imani akwai abin gani ba, fitar dare da hira da tsofaffin gine-gine ne ke kawo shi.

Ni ma ina da tawa tambayar, wadda ta tsaya mini a rai tun farkon dare. Na ce wa dattijuwar, "Baba, na ji kin kira mutum biyu da aka rataye, kin kira sojojin da suka yi gadi, amma mutum 150 da suka mutu a kan wannan tudu a dare ɗaya ban ji kin ambace su ba." Ƙanina ya fassara mata abin da baba ke nufi a wurinmu, ta yi murmushi, sannan ta ce waɗannan ba ta kiransu, kuma ba ta barin kowa a cikin mutanenta ya kira su, domin akwai yara a cikinsu, kuma akwai masu zuwa nan duk shekara su yi musu addu'a. Kafin mu watse ta sa aka kashe dukkan na'urorin aka mayar cikin jaka, muka taka zuwa gaban allon tunawar, ta haska shi da tocila, muka tsaya shiru na ɗan lokaci, babu wanda ya tambayi ko akwai wani tare da mu.

Mun koma masauki ƙarfe biyu da rabi ƙafafuna ba sa jin taɓi, da hantsi muka kama jirgin Leeds, bayan kwana takwas na biyo hanyar da na zo na dawo Katsina ana saura kwana biyu a ɗauki azumi. A daren uku ga watan, muna tsakiyar shan ruwa, ƙanina ya turo mini wani guntun sauti na daƙiƙa 40 tare da bayani. Saurayin nan ya zauna ya saurari rikodar daren gaba ɗaya da abin sauraro a kunne, ya gano wata murya tana raɗa a ƙasa-ƙasa a daidai lokacin da ake kiran Robert Aske, cikin wani harshe da babu wanda ya gane a cikinsu, har sun fara gardamar ko Latin ne ko tsohon Ingilishi. Ya kawo wa ƙanina wurin aiki cike da murna ya saka masa a kunne. Ƙanina ya ce bai kai ƙarshe ba ya zauna a ƙasa don dariya, domin muryata ce, ina karanta Ayatul Kursiyyu haƙorana na kaɗawa.